DA GASKE NE KO WASA? FINAFINAN YAƘIN HITILA

'Yar uwa, na tabbata kin taɓa zama da yaro ƙarami kuna kallo, ana cikin harbe-harbe ya juyo ya kama gefen zanenki ya ce, "Umma, wannan da gaske ne ko wasa ne?" In fim ɗin Indiya ne ko namu na Hausa, amsar ba wuya, sai ki ce masa wasa ne, jinin ma ja aka shafa. In kuwa labarai ne sai ki ce da gaske ne, ki rufe masa ido. To amma akwai wani irin fim wanda ko ke babba in aka tsare ki da wannan tambaya sai kin yi jim kafin ki buɗe baki, don rabinsa gaskiya ce rabinsa shiri, an kuma dama su wuri ɗaya kamar fura da nono, babu mai iya raba su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, irin wannan fim ya yi tashe ƙwarai, kuma gwamnatoci ne da kansu ke biyan kuɗin yin sa.

Da aka fara yaƙi a watan Satumba na 1939, gwamnatin Ingila ta buɗe Ma'aikatar Watsa Labarai, aikinta kuwa shi ne ta riƙe zukatan mutane kada su karaya. A wancan zamani in ana son a sami jama'a a tare, to silima za a je, don miliyoyin mutane ke shiga kowane mako, mata da 'yan mata su ne kan gaba. Sai ma'aikatar ta shiga yin gajerun finafinai, da yawansu minti 5 ne kacal, ana ba masu silima kyauta su haska kafin babban fim. Kin biya kuɗinki don kallon soyayya, amma sai kin fara shan na gwamnati tukuna.

Matsalar da masu wannan aiki suka ci karo da ita, ita ce yaƙi ba ya jiran mai ɗaukar hoto. Na'urar ɗaukar murya ta lokacin kaya ce guda, sai an sa ta a mota. Yawancin hare-hare da dare ake kai su, ga duhu, fim ɗin lokacin kuwa ba ya kama hoto sosai sai da haske. Sannan ko da an dace an ɗauko na gaskiyar, sau da yawa hayaƙi ne da ƙura, ba ki gane wa ya ci wa ya faɗi. To mene ne abin yi? Sai suka ce bari a nemo mutanen gaskiya, ma'aikacin kashe gobara na gaskiya, direban jirgin sama na gaskiya, a rubuta musu abin da za su faɗa, su sake maimaita aikinsu a gaban kyamara, sannan a tsofa hotunan da aka ɗauko a fagen fama a tsakani. Mai kallo ya ga fuskar da ba ta ɗan wasa ba, ya ga gidajen da suka rushe da gaske, sai ya haɗiye duka har da ƙarin gishirin.

Bari in fara miki da wadda ta fi kusa da mu, wato wata mata mai suna Ruby Grierson, mutuniyar Sikotilan, wadda da malamar makaranta ce kafin ta koma harkar fim. A 1940 ta yi wani ɗan gajeren fim mai suna They Also Serve, ma'ana su ma suna bauta wa ƙasa, ta kuma sadaukar da shi ga matan aure na ƙasarta. Babu bindiga a ciki, babu jirgi. Wata uwa ce kawai aka bi ta tun asuba: ta tashi ta hura wuta, ta haɗa karin kumallo, ta sallami masu fita aiki, ta tarbi maigida da ya kwana a wurin aiki, ta leƙa maƙwabciya ta taya ta da nata. Shirya shi aka yi, amma duk macen da ta kalla ta san babu ƙarya a wahalar, don nata yinin aka ɗauko aka kafa a bango. Manufar gwamnati a fili take, tun watan Janairu na wannan shekara aka fara auna wa mutane sukari da man shanu da kati, ana son mata su daure su daina ƙorafi. Ni dai ina ganin Ruby ta ɗauki wannan manufa ta yi abin da ya fi ta, don ta sa maigida da 'ya'ya sun kalli aikin da kullum ake yi a gabansu ba su gani.

Ba ta daɗe ba bayan haka. A watan Satumba na 1940 ta shiga wani jirgin ruwa mai suna City of Benares, wanda ya ɗauko yara za a kai su Kanada don a tsirar da su daga bama-bamai, ita kuma za ta yi fim a kansu. Ran 17 ga wata da dare jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe su a tsakiyar teku. Cikin yara 90 da gwamnati ta sa a jirgin, 77 suka mutu, Ruby ma ba ta fita ba, tana da shekara 36. Wannan kuwa babu kyamarar da ta ɗauka.

Wanda ya fi yin suna a farkon yaƙin shi ne Target for Tonight na 1941, wanda Harry Watt ya shirya. Labarin jirgin sama ne guda ɗaya da aka tura ya kai hari Jamus da dare. Duk waɗanda suka fito a ciki sojojin sama ne na gaske. An nuna su suna shiri, sun tashi, sun gano inda aka aike su, sun saki bom ya faɗa daidai, sun dawo da rauni amma da ransu. Garin da suka kai wa harin ma babu shi a duniya, ƙirƙirar sunansa aka yi, kuma wasu wuraren da aka ga suna fashewa 'yan ƙananan siffofi ne da aka gina da hannu. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo, har Amurka aka ba shi lambar girmamawa. Abin da 'yan kallo ba su ji ba shi ne, a watan Agusta na wannan shekara wani jami'i mai suna Butt ya miƙa wa manya rahoton asiri, bayan ya duba hotunan da jiragen ke ɗaukowa, ya ce cikin kowane jirgi 3 da suka ce sun kai hari, 1 ne kawai ya kusanci wurin da tazarar mil 5. Kin ji fa, mil 5, kamar a aike ki gidan wance ki ajiye saƙon a wata unguwa. Fuskokin na gaskiya ne, tsoron da ke cikin idonsu ma na gaskiya ne, don direban da ya ja fim ɗin, Pickard, an harbo shi a Faransa a watan Fabrairu na 1944. Saitin bom ɗin ne kawai aka ƙawata, shi ne kuwa abin da aka tara mutane don su gani.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, don lokacin muna ƙarƙashin Ingila. A 1939 ɗin dai aka kafa wani sashe na yi wa ƙasashen mulkin mallaka fim, aka ɗora wani Bature William Sellers a kai, wanda ya yi aikin duba-gari a Ikko, ya saba nuna wa mutane fim a kan ɓera da annoba. Wannan shi ne majigin da tsofaffi ke ba mu labari: mota ta iso ƙofar fada ko gidan hakimi, in duhu ya yi a kafa farin ƙyalle, a tada inji, tafinta ya riƙe lasifika yana fassara da Hausa. Shi Sellers ra'ayinsa shi ne wai baƙar fata ba ya iya bin hoto mai sauri, sai an ja komai a hankali kamar ana koya wa yaro tatata, wannan kuwa raini ne tsagwaronsa. Sun yi wani mai suna Mr English at Home a 1940, an shirya yinin wani kafinta da matarsa da 'ya'yansu don a nuna mana yadda talakan Ingila ke zaune. Sun yi wani a 1943 a kan tankar yaƙi da aka saya da gudummawar mutanen Katsina. Ana ta kira a ƙara noman gyaɗa, a ba da samari aikin soja, an kuwa ba da, har Bama suka je. Amma daga 1942 zuwa 1944, lokacin da ake ɗibar mutane daga ƙauyuka aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci, wannan ba irin labarin da ake ɗora wa motar majigi ba ne.

To kada ki ce ke nan duk fim ɗin da aka shirya ƙarya ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai cikinsu duka, daga farkonsa har ƙarshensa shiri ne, amma abin da ya faɗa ya faru, har ma gaskiyar ta fi shi muni.

Akwai wani ƙauye a ƙasar Cekoslobakiya, kamar kilomita 20 daga birnin Prague, sunansa Lidice, ana furta shi Liditse. Mutanensa wajen 500 ne, mazan yawanci ma'aikatan haƙar kwal ne da masana'antar ƙarfe a garin Kladno da ke kusa. Jamus ta mamaye ƙasar, Hitila ya ɗora musu wani azzalumi Reinhard Heydrich. Ran 27 ga Mayu 1942 wasu sojojin ƙasar da aka horar a Ingila suka tare motarsa suka jefa masa bom, ya mutu ran 4 ga Yuni. Jamusawa suka rantse sai sun yi abin da ba za a manta ba. Babu wata hujja da ta nuna mutanen Lidice suna da hannu, illa dai an san samari biyu 'yan ƙauyen suna aikin sojan sama a Ingila. Kin san mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki.

Daren 9 ga Yuni 1942, wayewar garin 10 ga wata, aka kewaye ƙauyen. Duk namijin da ya haura shekara 15 aka tara shi a gonar wani gida, aka jingina katifu a bangon rumbu don kada harsashi ya dawo, aka riƙa fito da su biyar-biyar, da aka ga abin yana jan lokaci aka koma goma-goma. Maza 173 aka kashe a wannan yini. Mata da yara aka kwashe su zuwa wata makaranta a Kladno, suka kwana uku a nan, sannan aka zo aka fizge yaran daga hannun iyayensu. Matan aka tura su sansanin Ravensbrück. Aka cinna wa gidaje wuta, aka sa nakiya aka rushe abin da ya rage, aka tone maƙabarta, har rafin da ya ratsa ƙauyen sai da aka sauya masa hanya, wai don ko wurin kada a gane. Kuma ba su ɓoye ba, da bakinsu suka yi shela a rediyo.

Da labari ya isa Landan, wani marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar da ke gudun hijira, Viktor Fischl, ya kai shawarar a yi fim, aikin ya faɗa hannun Humphrey Jennings. To ya za a yi fim a kan ƙauyen da babu shi, a ƙasar da ba a isa a shiga ba? Da wani ne, da sai ya tara 'yan wasa ya ɗinka musu kayan Cekoslobakiya su yi ta kukan ƙarya. Jennings bai yi haka ba. Ya tafi yankin Wales ya nemo wani ƙauye na masu haƙar kwal mai suna Cwmgiedd, mai kama da Lidice a girma da sana'a, mutanen da su ma suke da nasu harshe daban da Turanci. Ya zauna da su ya ce ba Lidice za ku kwaikwaya ba, ku zauna a yadda kuke, a gidajenku, da harshenku, mu nuna yadda zai kasance in da ku abin ya faɗa wa. Suka yarda. Ma'aikatan fim ɗin a gidajen mutanen ƙauyen suka sauka har aka gama.

Fim ɗin ya fito a 1943 da suna The Silent Village, wato ƙauyen da ya yi tsit, tsawonsa minti 36. Ya fara a hankali har sai kin fara ƙosawa. Ga yara a aji, ga mata na shanya da goge-goge, ga maza sun fito daga rami baƙi ƙirin da ƙurar kwal suna wanka, ga masu waƙa a majami'a, ga mai kanti yana awo. Sai da ya tabbatar kin saba da su kamar maƙwabtanki, sannan wata baƙar mota ta shigo da lasifika a kanta tana shelar cewa daga yau ƙasa ta koma hannun Jamus. Da ƙyar ake ganin fuskar sojan Jamus a duk fim ɗin, murya ce kawai, daga motar nan ko daga rediyon ɗaka, kuma wallahi hakan ya fi ban tsoro, don abin da ba ki gani ba ki san ta inda za ki kauce masa ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda malama ta tsaya gaban ɗalibanta ta sanar da su an hana koyarwa da harshensu, ta roƙe su kada su manta da shi. Ki ɗauka an ce daga gobe ba Hausa a makarantar 'ya'yanki, ke ce kuma aka sa ki faɗa musu.

Daga nan sai yajin aiki, sai kame, sai labarin an harbi babban wakilin Jamus, sai wa'adi. A ƙarshe aka tasa mata da yara gaba, mazan kuma aka jera su a jikin bangon majami'a suna rera taken ƙasarsu. Ba a nuna harbin ba. Ki tuna matan da ke tsaye a wurin ba 'yan wasa ba ne, mazansu na aure ne da 'ya'yan cikinsu aka jera a bangon da suke wucewa kullum, a shekarar da ba wanda ya san yadda yaƙin zai ƙare.

Shi ma farfaganda ne, kada mu yaudari kanmu. Gwamnati ce ta biya, tana kuma son masu haƙar kwal su ƙara himma su rage yajin aiki. Sai dai bai ƙara wa labarin komai ba, ragewa ma ya yi ba da saninsa ba. Shelar Jamusawa cewa ta yi an kai yaran inda za a ba su tarbiyya, a kan haka aka tsaya lokacin da ake fim ɗin. Sai bayan yaƙi aka gano cewa 'yan kaɗan ne aka zaɓa, masu kamannin da Jamusawa ke so, aka ba wasu iyalai riƙo, sauran 82 kuwa an kai su Chelmno a ƙasar Folan aka kashe su da hayaƙi mai guba a cikin motoci. Mata 143 ne suka dawo da rai, suka tarar da fili fetal, suka shiga cigiyar 'ya'yansu, yara 17 aka samo, wasunsu sun manta harshen iyayensu. An sake gina ƙauyen kusa da tsohon wurin. Wata mai sassaƙa, Marie Uchytilová, ta kwashe shekaru wajen 20 tana ƙera siffofin yaran nan 82, mata 42 maza 40, ta rasu a 1989 ba ta ga an kafa su ba, sai a 2000 aka kammala. Jamusawa su ma sun ɗauki fim ɗin rushe Lidice da hannunsu don ajiya, shi aka haska a gaban manyansu a shari'ar Nuremberg.

Ba mu bar ƙasar ba tukuna, don a cikinta aka yi kishiyar wannan. Kamar kilomita 60 arewa da Prague akwai wani tsohon garin soja, Theresienstadt, wanda Jamusawa suka mayar sansanin tsare Yahudawa, daga nan ake loda su a jirgin ƙasa zuwa Auschwitz. Da surutu ya yi yawa a duniya, sai suka yarda wakilan ƙungiyar Red Cross su zo su gani ran 23 ga Yuni 1944. Kafin baƙin su iso aka yi wa garin kwalliya irin ta gidan biki, aka shafa fenti, aka dasa furanni, aka buɗe kantunan ƙarya, sannan don cunkoso ya ragu aka kwashe mutum wajen 7,500 zuwa Auschwitz a watan Mayu. Baƙi suka zo suka zaga inda aka bi da su, suka koma. Bayan wannan ziyara sai Jamusawa suka shiga ɗaukar fim a garin.

Cikin fursunonin akwai Kurt Gerron, shahararren ɗan wasa kuma mai shirya fim a Jamus kafin zuwan Hitila, shi aka sa ya ja aikin a watannin Agusta da Satumba na 1944. A nan babu siffar da aka gina da hannu, babu ƙauyen aro. Garin na gaskiya ne, mutanen su ne ainihin mazaunansa. An nuna su suna buga ƙwallo jama'a na tafi, mata na ban ruwa a lambu, dattawa na karatu a laburare, yara na cin burodi da man shanu suna kuma wasan waƙa a dandamali. An tsince masu ɗan kumari a jiki aka sa a gaba, ramammu aka ɓoye su. Ana gama ɗauka, daga 28 ga Satumba zuwa 28 ga Oktoba, aka tura mutum wajen 18,000 Auschwitz, har da akasarin yaran da suka yi waƙar, har da Gerron da matarsa, waɗanda aka kashe suna isa.

An kammala haɗa fim ɗin a watan Maris na 1945, lokacin Jamus na gab da faɗuwa, baƙi 'yan ƙalilan kawai aka nuna wa. Cikakkensa ya ɓace, abin da ya rage a yau gutsattsari ne na wajen minti 20, ciki har da wasan ƙwallon da 'yan kallonsa.